Jan Man da Malam Ya Bari

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun kira suna lalube ko ina raye. Ina raye, alhamdulillah. Ga inda na shige.

Da zazzaɓi abin ya fara, irin wanda ake sha wa magani a ci gaba da harka. Sai amai da gudawa. Sai fitsari ya ɗauke, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

A Gumel aka ɗebi jinina. Likita ya ce, "Hajiya, ƙodarki ta tsaya. Sai Kano, wankin ƙoda. Akwai fatan ta farfaɗo, amma kada ki kuskura ki tsallake ranar wanki."

Na yi kuka, kuma ba don ciwon ba. Don na waiga ne babu Malam.

Malam maigidana ne, Allah ya jiƙansa, bara waccan ya rasu. Ya bar min tsohuwar motarsa otomatik. Mutumin nan ya fi gane tarin motar da nawa. Man giya, wanda muke kira jan mai, ba ya sayensa a kwalba. Sai galan rufaffe, mai lambar da kamfanin motar ya amince da ita, ko da sai ya je Kano.

Nakan ce, "Malam, ja dai ai ja ne."

Sai ya ce, "Zoɓo ma ja ne, Hajara. Zuba mata mu gani."

Motar ce ta zama ƙafata. Ƙanena Auwalu, dillalin awaki a Maigatari, ya ajiye kasuwarsa yana kai ni. A auna ni, a haɗa bututun da aka sa min a wuya da na'ura, jinina ya fita ya dawo ina kallo. Ga sanyi, ga ƙishirwa, an ƙayyade min ruwa. Tumakina kuwa a kan kuɗin wanki suka ƙare.

Ana haka giya ta fara jinkiri. Auwalu ya duba ya ga mai ya yi ƙasa, ya sayi jan mai a kwalba wajen 'yan bumburutu. Mai sayarwar ya rantse masa kowace mota yana yi mata. Ban ga laifinsa ba, tausayin aljihuna ya ji, kuma haka kowa ke yi a wajenmu.

Ranar wani wanki, mun wuce Gagarawa Tasha kaɗan, sai inji ya kama ruri, mota ta ƙi gaba.

Numfashina sama-sama yake. Wata Bafulatana ta kawo min ruwa a ƙwarya, na kalle shi na girgiza kai, ta zaci rainawa na yi. A gindin bishiyar da muka fake na ji tsoron mutuwa sosai. Da ƙyar muka samu motar haya, muka isa ana shirin ɗora wani a na'urata. Ranar aka kwantar da ni a asibiti.

Makanike ya ce giyar ba ta ƙone ba tukuna, a juye man, a wanke, a zuba na asali. Ya ce, "Amma wane iri take sha? Don iri-iri ne."

Auwalu ya kira ni: "Yaya, kin san wanda Malam yake sa mata?"

Ban sani ba. Na zauna da shi shekara da shekaru ina yi masa dariya, ban taɓa duba galan ɗin ba. Ranar kewarsa ta fi ciwon zafi.

Washegari sai ga Auwalu da ƙunshi. Shi da makanike sun ɗaga tayar ko-ta-kwana a bayan mota, suka tarar da galan sabo, ba a fasa ba, a naɗe cikin tsohuwar rigar Malam. Har yanzu da sauran ƙamshin turarensa.

Na rungume galan ɗin mai a gadon asibiti ina kuka. Wata nas ta taɓa goshina, ta ɗauka zazzaɓin ne ya hau kai.

Da shi aka je aka sayo irinsa aka cike. Mota ta tashi. Ni ma sannu a hankali fitsari ya dawo, ban taɓa zaton zan yi wa fitsari hamdala haka ba. Gwaji ya yi kyau, aka cire bututun, aka ce wanki ya ƙare.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Auwalu, da ku masu addu'a. Bafulatanar nan, idan wani ya san ta, ya ce mata ba raini ba ne.

Shawarata: idan fitsari ya ragu ko ƙafa ta kumbura, ku tafi asibiti, kada ku jira. Masu otomatik, ku san lambar man da motarku take sha, ku sayi rufaffe mai shaidar amincewa. Wanda aka ce yana yi wa kowace mota, ku bar wa mai shi.

Ku kuma tambayi naku abin da suka sani tun suna kusa.

Galan ɗin yana ɗakina, babu komai a ciki. Na haddace lambar, Malam. Ka yi gaskiya, ba zoɓo ba ne.