Baitin da ya kwana a kan teburin tela

Shekara arba'in tsohon telan nan bai taɓa almakashi da safe ba sai ya rubuta baitin waƙa guda na yabon Ubangiji. Da allin zana yadi yake rubutawa, a kusurwar teburin yanka, da yamma kuma ya jiƙa tsumma ya goge. Ko baitin ya yi daɗi ko ya fito a gurguje, duk tsumma ɗaya ke cinye su.

Autarsa, wadda ke zaman keken ɗinki na bakin ƙofa, ta yi magiya har ta gaji.

"Baba, ko a bayan kwali ne ka bari in kwafe."

"Wanda na rubuta dominSa ai Ya riga Ya karanta," in ji shi. "Miƙo min zare."

Taurin kai kam Allah Ya ba tsohon nan, ita ma a wurinsa ta gada.

Ran wata Talata da hantsi ya faɗi tsakanin teburi da dutsen guga. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Baitin ranar ya kwana a kan teburi, abin da bai taɓa faruwa ba. Auta ta kifa faranti a kansa, ta hana kowa yanka a wannan kusurwa. Ta haddace baitin tun ranar farko, amma rubutun hannun ubanta take tsaro, don shi kaɗai ya rage mata.

Bayan wata biyu aka kawo shi shago a kujera. Ta ɗaga farantin da murna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna tsumma da hannun hagu.

Ta yi kamar ba ta gane ba. Ta kawo masa ruwa, ta kawo tabarau. Hannun bai sauka ba.

"Baba, guda ɗaya ne fa," ta ce.

Sai ta jiƙa tsumman ta damƙa masa, ta riƙe masa wuyan hannu suka goge tare. Ranta ya yi ɗaci, ta yi kuka sosai.

Ya nuna alli. Da ƙyar ya ja wani karkataccen layi guda a inda baitin yake, ya sunkuyar da kai kamar mai addu'a.

Da yamma ita ta goge shi.