Ranar da Salula ta Riga Falalu

Falalu taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da ikon in ce mummuna ne, kuma na sha faɗa masa a gaban idonsa. Amma duk faɗin Damargu, daga Tanut har Belbeji, da wuya ka sami gidan da bai san sallamarsa ba. Aikinsa kai labarin rasuwa. Ba gadonsa ya yi ba. Tun yana saurayi manya suka lura bakinsa na da nauyi, suka riƙa aikensa a kan raƙumi.

Yana da ƙa'idarsa. A bayan gari yake durƙusar da raƙumin, ya shigo da ƙafa. Ba ya gaya wa mutum yana tsaye, ko da kaya a kansa, ko a bakin murhu, ko a bakin rijiya. Sai ya fara nemo wata dattijuwa ta je ta zauna kusa da wadda aka yi wa rashin. A ƙauyenmu na wajen Falanko ni ce nake wannan zaman. Sannan ya yi sallama, ya roƙi ruwa, ya tambayi gona da dabbobi. Sai ya ce, "Wane jiki ya tsananta." Ya yi shiru har zuciya ta shirya da kanta, sannan ya ƙarasa.

Zamani ya yi ta zuwa da kayansa, bai kawar da shi ba. Aka yi yayin kaset, 'yan ci-rani su yi magana a ciki daga Libiya, direba ya kawo. In akwai mutuwa a ciki, Falalu ake ba ya fara saurara. Fari ya kashe raƙumin, ya koma bin motar kasuwa. Salula ce ta gama da shi. Ba zaginta nake ba, da ita nake jin muryar jikokina na Agadas. Injin niƙa ma ya raba mu da dutsen niƙa, kafaɗuna sun gode. Abin da ke ƙona mini rai shi ne an miƙa wa kowa abin da ya fi raƙumi gudu, an bar hankalin mai raƙumin a baya.

Bara bayan girbi mota ta kife da Sahabi, autan maƙwabciyata Tabawa, a hanyar kasuwar Belbeji. Falalu na can Belbeji wajen 'yarsa, da shi aka yi sutura. Daga baya na ji yadda aka yi a maƙabarta. Ya ce wa jama'a, "Don Allah kowa ya riƙe wayarsa. Uwar tana da hawan jini. Ku bari in isa."

Hashimu, abokin marigayin, ya ce, "Baba, ai an wuce wannan zamanin. Na riga na tura wa 'yan gari."

Tsohon da ya rantse ba zai taɓa hawa babur ba ya ɗare bayan kabu-kabu, yana salati yana cewa a ƙara wuta.

Mu kuwa muna wajen injin niƙan Yahuza, inda rabin gari ke kai waya caji. Tabawa na gabana, ƙwaryar gero a kanta. Sai Yahuza ya kashe inji don ya ji saƙon da ya shigo, ya ƙure murya kamar mai tallar magani.

"Salamu alaikum 'yan gari, Sahabi na Tabawa ya rasu, mota ta danne shi, ga hoto nan, a tura wa sauran."

Tana tsaye. Da kaya a ka. A tsakiyar mata.

Na ce, "Yahuza, mace ce ta haife ka ko injin nan?"

Tabawa ba ta faɗi ba. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta juyo ta ce, "Adawiyya, me ya ce? Ƙarar inji ta toshe mini kunne."

Injin kuwa a kashe yake. Na dube ta, ta dube ni. Na ce, "Ni ma ban ji ba, Yaya. Mu je gida."

Ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta cika moɗa da ruwa ta ajiye. Wayarta ta yi ta ƙara, na kife ta da turmi. Mata suka zo da kuka, na tsaya a bakin zaure na ce, "Wa ya mutu? Wa ya aiko ku? Wadda ta shigo da hawaye sai ta fita da tabo."

Wajen la'asar Falalu ya iso. A bayan gari ya sauka kamar kullum, ya tako da ƙafa. Da ya ga mutane cincirindo a ƙofar gida sai ya tsaya.

"Adawiyya, an riga ni."

"An riga ka, mummuna. Amma ba a gaya mata ba. Shiga."

Ya yi sallama, ya zauna, ya sha ruwan. Ya tambayi gero, ta ce an gode Allah. Ya tambayi awaki, ta ce ɗaya ta haihu. Ya ce, "Tabawa, Sahabi jiki ya tsananta." Ta kama hannuna har sai da yatsuna suka yi ƙara. Shi kuwa ya jira.

Ta ce, "Ƙarasa, Malam Falalu."

Ya ƙarasa. Ya faɗa mata wanda ya yi masa wanka, da limamin da ya sallace shi, da aduwar da ke gefen kabarin. Sannan ta yi kukanta, a zaune, ina riƙe da ita.

Ranar sadakar uku Hashimu ya zo gaisuwa, waya a hannu. Wai, "Inna, ai na yi ne don a sani da wuri."

Na ce, "Da wurin tayar da shi zai yi? Ajiye abin nan inda ka ajiye takalminka."

Har yau in baƙuwa ta tambayi Tabawa wa ya kawo mata labarin autanta, cewa take yi, "Falalu."