Sunaye uku da Malam Buba ya tafi da su

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina kan acaɓa zan tafi makaranta waya ta shigo, wai Malam Buba ya rasu. Bayan sallar asuba ya ce ƙirjinsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Shekara tara teburinmu ɗaya a ofishin malamai. Shi lissafi, ni Hausa. Kullum sai ya tsokane ni, wai in na ga lamba ta wuce goma sai in fara gumi. Amma duk ranar da ya je gida Udubo, sai ya riƙo wa yarana nono a galan. Da matata ta kwanta asibiti, sati biyu yana shiga azuzuwana, Bafillace da karantar da Hausa, yara suna ta dariya.

Ga abin da ya hana ni sukuni.

Dokar ofishin ilimi ita ce, makin jarrabawar aji uku shi kaɗai ke kai yaro ajin kimiyya, inda ake babban lissafi. Maki ɗaya ya gaza, shi ke nan. Malam Buba ya yi ta sintiri a ofishin nan har suka gaji da shi, suka ba shi gurbi uku duk shekara, ya zaɓa cikin waɗanda suka gaza.

Shi kuma ba ya gwaji a takarda. Ɗaya bayan ɗaya yake kiran yaro, ya miƙa masa alli, ya koma gefe yana kallo. In an gama ya goge allon. Ba ya gaya wa kowa sakamako sai an buga hatimi, kada a sa wa yaro rai a banza.

Bana yara goma sha tara ya gwada.

Ranar Alhamis muka rabu a bakin get. Na ce, “Malam, ka dai rubuta sunayen nan.” Ya taɓa hularsa ya ce, “Suna nan, ba inda za su. Akwai wata yarinya ma, wallahi in ta kuɓuce mana mun yi asara.”

Ban tambaye shi wace ce ba. Sauri nake yi in shiga kasuwa.

'Yan mata bakwai ne a cikin yara sha taran nan.

Bayan jana'iza na bincike durowarsa, guntayen alli ne da carbi. Iyalinsa ma ba su san komai ba. Shugaban makaranta ya miƙo mini fom ɗin da ake rubuta sunaye ukun, ya ce jibi ake rufewa, in ba a cike ba gurbin ya tafi. Ni da ban san kan lissafi ba.

Ina fitowa na tarar da Fanna, ɗaya daga cikin bakwai ɗin, tana jirana. Likita take son zama. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce a hankali, “Malam, kai ne abokinsa. Ya ce maka ina ciki?”

Na ce mata ban sani ba. Wallahi ban taɓa jin kunyar wata magana kamar wannan ba.

Allah Ya jiƙanka Malam Buba, Ya haskaka kabarinka, Ya dubi marayunka. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da yara ukun nan, Allah Ya san sunayensu.