Yaran da ba su gaishe ni a hanya

Shekaru kaɗan ne suka wuce, amma ban amince da tunanina sosai ba. Mai yiwuwa na haɗe ranaku biyu, ko na gyara wa wani magana ban sani ba.

Da na gama jami'a na dawo Agadas ba aiki. Wata ƙungiya ta ɗauke ni in koyar da yaran da suka gudo da iyayensu daga ƙauyukan iyakar Mali, inda masu bindiga suka rufe lakkol, wato makarantar boko. Ajinmu rumfar zana ce a bakin gari. Ni kuma ɗaki na kama kusa da tasha, ni kaɗai, don iyayena sun koma Ingal.

A cikin aji ban ga laifinsu ba. Suna ɗaga allo suna "mushe, mushe", yadda ake kiran malamin lakkol, wasu har rigata suke ja. Amma da an tashi, shi ke nan. In mun haɗu a kasuwa ko wajen famfo, sai su kau da kai. Akwai wata yarinya mai zama a gaba, ta fi kowa surutu. Na taɓa yi mata magana a bakin hanya, ta wuce kamar ba da ita nake ba. Allunansu ma a cikin riga suke cusawa.

Ni mutum ne mai yawan tuhumar kansa. Na ce ko tsawa na yi musu, ko faransancina ya yi musu nauyi, ko iyayen ne ba su so na. Da la'asar nakan ɗora shayi in sake bin darasin ranar ina neman inda na ɓata, ba kuma wanda zan tambaya. A lokacin ɗan kawuna yana ta kira daga Dirku in je in tsare masa shago. Na ce ya jira ni zuwa hutu, amma a raina na riga na tafi.

Kakar yarinyar nan tana soya ƙosai a hanyar lakkol. Wata safiya na tarar ba kowa wurinta, sai na yi ƙarfin hali.

"Inna, jikarki ba ta gaisuwa ne, ko ni kaɗai ne?"

Ba ta ko ɗago ba. "Ɗan nan, ga karatu ga ƙorafi kamar tsoho. Ni na hana ta."

Ta juya ƙosanta, sannan ta ce, "A garinmu mutanen nan masu bindiga ba su san fuskar mushe ba. Ya ajiye tufafin birni, ya naɗa rawani kamar kowa. Ranar kasuwa suka zauna kan baburansu suna kallo, har yara suka ruga gaishe shi. Da shi suka tafi. Tun daga nan kowace uwa ta gaya wa ɗanta, in kana son malaminka, a waje ba ka san shi ba."

Ban tambaye ta ko ya dawo ba. Ina jin amsar na ji tsoro.

Washegari na ce wa ajin, nan Agadas ne, ba abin da zai same ni, su gaishe ni duk inda suka gan ni. Yarinyar ta ɗaga hannu.

"Mushe, ka rantse?"

Na buɗe baki, sai na ga ba zan iya rantsewa kan abin da ban sani ba. Na ce su fito da alluna.

Da yamma na kira Dirku na ce ba ni zuwa. Ɗan kawuna ya yi dariya. "Saboda yaran da ko gaishe ka ba su yi?" Na ce e, saboda su.

Na ƙarasa shekarar. Ba zan ce kaɗaicin ya ragu ba. Nakan ratsa kasuwa, ga waɗanda suka san ni, ba mai cewa uffan. Na dai koyi in riga su kau da kai, don ya zo musu da sauƙi. Bayan hutu gidaje da dama sun tashi, har da na yarinyar. A wurin ƙosai duwatsun murhu kawai na tarar.

Ba ni kaɗai na koyar a rumfunan nan ba, kuma wasu yaran sun girma yanzu. Duk wanda ya ga na kuskure a wani wuri, ina roƙo ya aiko a gyara. In kuma akwai wanda ya san ƙarshen wancan mushen, wannan karon ina so in ji.