Dutsin Kuraye da Ƙwarya-Kife

Mun tashi daga gida a Yamai ana kiran sallar asuba, ni da wani abokin karatuna, da jakunkuna biyu da ƙafafun na'urar awo ɗaure da roba. Masu tambayar inda na shige kwanakin nan, ga amsa: ƙasar Kurfai na je hawan duwatsu, kuma har yanzu cinyoyina ba su yafe mini ba.

Aikin kammala karatuna shi ne in jera tuddan da ke gefen kwarin Dallol a yankin Filinge, kowane da sunansa da tsayinsa da ajinsa. Malamina ya ba ni ƙa'ida biyu. Ta farko, tudu ba ya samun layin kansa a jerin sai in ƙasa ta sauka mita talatin tsakaninsa da wanda ya fi shi tsawo. In ba ta kai ba, dutse guda ne, sunan mafi tsawon ne zai shiga. Ta biyu, abin da mutane suka tara ko suka gina a kan tudu ba ya shiga awo, sai wanda ya fito daga ƙasa.

Da a ce aikin jami'a ne kaɗai, da sauƙi. Babana da innata duk Kurfayawa ne, garuruwansu suna gindin wani dogon dutse mai kai biyu. Kan da ke wajen garin Baba shi ne Dutsin Kuraye, wanda ke wajen garin Inna kuwa Ƙwarya-Kife. Tun ina ƙarami nake jin Baba yana tsokanar Inna cewa nasu ba dutse ba ne, ƙwarya ce wata ta manta a daji. Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ya daɗe rabonsa da garinsu, kuma ya riga ya gaya wa duk abokan zamansa na bakin masallaci cewa ɗansa zai sa Dutsin Kuraye a littafin jami'a. Da zan fita ya riƙe mini hannu.

"Ka hwara da namu, ka ji? Ƙwaryar innarka, in ka samu sarari ka leƙa ta."

Inna tana ɗaure mini dambu a leda, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Motar tasha ba ta motsa ba sai da rana ta fito, ana jiran mutum biyu. Kuɗin mota ya haura na bara, yaran mota suka ce ƙafafun na'urarmu ma fasinja ne, a biya musu. Daga Balleyara zuwa Bonkuku ban san shinge nawa muka tsaya ba. A kowane sai mun sauka, sai an buɗe jaka, sai an tambayi mene ne wannan madubin, wa muke son hangowa da shi. Ni in soja ya kalle ni, ko sunana sai na yi tunani kafin in tuna. Abokina ne ke miƙa takardar izini, ya zuba Zabarmanci da Faransanci har a gaji a ce mu wuce. A Bonkuku muka ci kopto, ganyen zogale da ƙuli, a tsaye, direba yana danna mana oda.

A Filinge muka ɓata yini guda muna jiran hatimi a ofishin magajin gari. An hana hawa babur a yankin saboda halin tsaro, don haka amalanken jaki muka samu. Wanda bai taɓa yini a kan amalanke cikin rairayin Dallol ba, kada ya ce ya san ciwon baya. An gama girbi, gonaki sai kara, rumbuna cike, awaki suna kiwo ko'ina. Gawo da goriba a kwari, jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suna bin mu dama da hagu.

Ban fara da na Baba ba. Na bi tsarin taswira, na fara da ƙananan tuddan kudu. Kwanakin nan duk sun cakuɗe mini a kai. A tashi da sassafe, a ratsa ƙarangiya har wando ya koma buhun ƙaya, a hau marmara mai zamewa, a kutsa cikin geza, a kafa na'ura, a rubuta, a sauko, a zauna cire ƙarangiya da yatsun da su ma ƙarangiyar ta cika. Ruwan gora kafin hantsi ya zama na wanka. Suna kuma wata wahalar ce. Wani tudun manoma suna kiransa da suna ɗaya, makiyaya da wani. Wani kuwa na tambayi mutum uku, kowa ya ce, "Dutsi dai." Na rubuta shi marar suna, raina bai so ba. Abincinmu fura da rana, tuwon hatsi da miyar kuka da yamma, duk garin da muka sauka ba a bari mu kwana da yunwa ba, ko da yake ana kallonmu kamar masu ɗan taɓin hankali. Wata mata a bakin rijiya ta tambayi abokina ko wani abu muka yar a can sama.

Sai da ƙarfinmu ya kusa ƙarewa muka isa garin Baba. Daga ƙasa, gaskiya, Dutsin Kuraye abin kallo ne. Fuskarsa a tsaye take kamar katanga, da kogunan da aka ce kuraye sun zauna a da. Na tsaya na ɗauki hotuna da yawa, har abokina ya ce ko aure zan nema wa dutsen. Hawan ya ci mana safiya guda. Daga sama muka bi doron dutsen zuwa wuyan da ke tsakanin kawunan biyu, muna aunawa muna sauka. Tun kafin mu kai ƙasan wuyan na san abin da zai fito. Saukar ba ta kai ko kusa da mita talatin ba. Na sake awon a kan hanyar komowa, ko na yi kuskure. Ban yi ba. Dutse guda ne, layi guda, suna guda.

Saura a san wane kan ya fi tsawo. Na kafa na'urar a ƙololuwar Dutsin Kuraye. Madubi ne a kan ƙafa uku. In ka daidaita kumfar ruwan da ke jikinsa, layin da ke cikin madubin yana nuna maka abin da yake daidai da idonka a can nesa. Na leƙa, na cire tsawon ƙafafun daga lissafi. Filin saman Ƙwarya-Kife yana ƙasa da inda nake tsaye, kaɗan. Har na fara murmushi. Sai na ga wani baƙin dutse a tsakiyar filin, kamar turmi babba a kife, kansa ya ɗara inda nake. Wato in mutane ne suka kawo shi suka ajiye, Baba ya ci. In daga ƙasa ya fito, Dutsin Kuraye ba shi da layi.

Washegari muka zagaya zuwa garin Inna, muka sauka wajen kawuna. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce wannan dutsen ba a zuwa wurinsa haka kawai. A garin akwai gidajen da ke riƙe da addinin kakanni, kuma kowace shekara kafin damina a can suke zuba fura su yi yanka, su roƙi ruwa. Wata tsohuwa ce ke kula da wurin, kuma a lissafin dangi kakata ce. Ya kai mu gidanta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wanga shi na mijin nawa na Yamai? Ba su ba ka abinci can?"

Na sunkuyar da kai na gaishe ta. Kawu ya yi mata bayani. Ta ce za ta kai mu, amma da sharaɗi: a cire takalmi tun daga bakin filin, ba a taɓa dutsen, ba a aza masa ƙarfe, ba a kawar da ko tsinke daga gindinsa. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta san asalinsa, kawo shi aka yi ko a nan ya tsiro.

"Mi na sani, mai gida? Ni na haihe shi? Nan na iske shi."

Gefen nan hawansa ba wuya, a hankali yake tashi, shi ya sa daga ƙasa ba ya cika ido. Amma mun yi latti, rana ta yi sama, kuma marmara ba takalmi wani abu ne da ba zan so wa maƙiyina ba. Na dinga ɗaga ƙafa kamar kaza a kan garwashi, tsohuwa tana dariya tana cewa mijin nata ba zai yi noma ba. Da muka isa ta durƙusa ta yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ta koma inuwar wata geza ta zauna ta bar mu.

Gindin dutsen a rufe yake da ƙananan duwatsu da fasassun ƙoƙuna da busasshen ganye. Duk wanda ya kalle shi daga tsaye zai iya cewa tari ne aka yi, aka ɗora babba a sama. Abokina ya matso kusa da kunnena.

"Rubuta tarin mutane mu tafi. Wa zai hawo nan ya duba? Tsohonka ya ji daɗi, ƙafafunmu su huta."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta zauna mini. Na tuna Baba a kan tabarmarsa a bakin masallaci. Na tuna kuma layin da zan rubuta zai daɗe bayan ni da shi. Na gaji ƙwarai, kuma gajiya tana sa ƙarya ta yi kama da hutu. Sai na ce bari dai in duba, in ban ga komai ba sai in rubuta ban sani ba.

Tunda ba a taɓawa, sai na kwanta rub da ciki, hannuwana a baya, na dinga jan jiki ina zagaya shi, kumatuna kusa da ƙasa mai zafi. Kawu ya kau da kai don kada in ga yana dariya. Gabas ba a ganin komai, kudu ma haka. A gefen arewa ruwan damina ya wanke tsakuwar ya bar wuri kamar faɗin tafin hannu biyu. A nan na ga wani jan layi a jikin shimfiɗar dutsen ƙasa, ya taho ya lanƙwasa ya hau jikin baƙin dutsen bai yanke ba. Na daɗe a kwance ina neman tsaga, ko siririya, wadda za ta raba su. Babu. Jiki ɗaya ne.

Na tashi na kakkaɓe riga, na rubuta Ƙwarya-Kife a layin. A gefe, wurin ƙarin bayani, na sa Dutsin Kuraye, kafaɗarsa ta gabas. Tsohuwa ta tambayi kawu me na gani. Da ya gaya mata nasu ya fi tsawo, ta ce to, sai me, a zo a sauka rana ta yi.

Hanyar komowa ban ga komai ba. Amalanke, Filinge, shingaye, duk a cikin gyangyaɗi na wuce su, tafin ƙafata ya yi bororo. Abin da nake ta juyawa shi ne yadda zan buɗe baki. Mun shigo Yamai da la'asar. Na tarar da Baba a tsakar gida, ya miƙe ƙafa, Inna tana tsince shinkafa. Bayan gaisuwa da ruwa ya ce, "To?"

Na faɗa masa duka, wuyan da bai kai ba, da baƙin dutsen, da jan layin. Ina magana ina kallon tabarma. Da na gama, Baba ya jefo tambaya.

"Wa ya auna?"

Na ce ni.

"Sau nawa?"

Na ce na maimaita.

"To. In kai ne, haka yake." Ya juya wajen Inna. "Kin ji. Shekara da shekaru kina zaune gidana, yau ɗanki ya kwashe ni ya kai ni naki."

Inna ta ce, "Akwai wuri, Malam. Ƙwaryar da faɗi."

Mun yi dariya, amma ranar bai zauna hira a bakin masallaci ba, washegari ma sallah kawai ya yi ya shigo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. A tafi da wando mai kauri da takalmi mai sauƙin cirewa. A hau da sassafe. Dutsen da ya fi cika ido daga ƙasa ba lallai shi ne ya fi tsawo ba. Kuma ƙa'idar mita talatin tana iya gaya maka inda tudu ya ƙare, amma ba ta san wanda ya yi kiwon awaki a gindinsa yana yaro ba. Zan bar layin yadda na auna shi, don haka yake.

A rana ta uku Baba ya kira ni ya ce in nuna masa hotunan. Na buɗe wayar na ba shi. Ya daɗe a kan na fuskar Dutsin Kuraye, ya sa na ƙara masa girman wani kogo, ya ce a nan suke fakewa in hadari ya taso, ya tambaya ko gawon da ke ƙasansa yana nan. Na ce yana nan. Bai ƙara tambayar littafin jami'a ba. Ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya zura wayata a aljihu, ya nufi bakin masallaci. Sai bayan magariba na samu wayar, batir ya mutu.