Ranar da Mushe ya karya dokarsa

Ko da zan manta duk kiɗan da yatsuna suka koya, ba na jin zan taɓa manta safiyar Lahadin nan da na ɗauki darasin piyano ba tare da na taɓa piyano ba.

Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ina zaune wurin goggona a Magarya. A unguwarmu akwai wani tsohon malamin lekol, makarantar boko, da ya ajiye aiki, kowa Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci. Yana da piyano mai aiki da batir, wanda yake lulluɓewa da zanen matarsa kamar jariri. Ban san wani mai irinsa ba a duk yankinmu.

Dokokinsa uku ne, ya rubuta su a kwali ya manna a ƙofar zaure. Kowane darasi dala ɗari, a biya a farkon wata. Tsawon darasi kuwa ba agogo ke yanke shi ba, butar shayi ce. Kina zama zai ɗora ta a gawayi, in ya kurɓe kofi na uku sai ya ja zane ya rufe piyano, ko da kina tsakiyar waƙa. Mukan yi addu'ar gawayin ya zama ɗanye. Ta ukun ita ce mai zafi: wanda ba zai zo ba ya sanar tun ana gobe, kafin magariba. In bai yi ba kuɗinsa ya tafi, in ya yi haka sau uku gurbinsa ya tafi, don akwai masu jira.

Ni kuwa na riga na ci biyu. Na farko ina gindin darbejiya ina rubuta wa balbelu waƙa har na manta wace rana ce. Na biyu ina yi wa wata amarya lalle, wanda da shi nake samun kuɗin darasin, ban tuna na aika ba.

"Saura ɗaya, 'yar gajimare," in ji Mushe. Haka yake kirana, don ko a kan piyano hankalina yawo yake. Yakan ce kiɗana kamar akuya a kasuwa, ta ruga, ta tsaya, ta sake rugawa.

Wata Juma'a na tafi gida Dungas, da niyyar in kama motar sassafe ranar Lahadi, ranar darasina. Da asubar Lahadin sai ga ruwan farko, mai yawa, irin wanda ake jira. Kafin gari ya waye babana ya fito da sungumi, Inna tana auna iri a ƙwarya. Ranar shuka ba a barin gida, kowa ya san haka. Na kira wayar Mushe sau huɗu, a kashe. Ina tsaye da ƙwarya a hannu idona ya cika da hawaye.

Inna ta dube ni, ta karɓe ƙwaryar. "Tafi, kafin ki jiƙa mana irin. Ni zan yi wa babanki bayani."

Mota ba ta tashi ba, sai na hau kabu-kabu. Ƙanshin ƙasa ya cika duniya, amma ban iya jin daɗinsa ba. Sau biyu muna sauka muna tura babur a taɓo. Na isa Magarya hantsi ya yi nisa, zanena duk laka, na tarar da zauren Mushe a kulle. Na zauna a dakali na ce shi ke nan, ni aka rufe wa ƙofa. Ina cikin sharar ido wata maƙwabciya ta leƙo.

"Wa kike jira? Ai tun da sassafe suka tafi gona shi da Hajiya."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, ni da ba na iya haɗa ido da shi. Na tambayi hanya na bi. Na same shi ya naɗe wando har gwiwa yana sara, matarsa tana bin sa da iri.

"Barka da ruwa, Mushe."

"Barka kadai. A'a, 'yar gajimare! Me ya kawo ki?"

"Darasi. Yau Lahadi. Kuma ban ji an sanar da ni jiya kafin magariba ba."

Hajiya ta yi dariya har gero ya zube. "Yau dai ka gamu da daidai kai, Malam!"

"Ai ruwan ne bai sanar da ni ba," in ji shi.

"Ni ma bai sanar da ni ba. Amma na baro gonar babana na zo."

Ya cire hula ya sosa kai. Na ce a raina na yi rashin kunya. Can ya ce, "Kin yi gaskiya, 'yata. Laifina ɗaya ya goge naki ɗaya. Darasi kuma ba fashi. Hajiya, ba ta ƙwaryar, ke ki ɗora mana shayi."

Yana gaba yana sara, ina baya ina zuba iri ina binnewa da dunduniya, shi kuma yana ƙirga da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, huɗu. In na ɗaga kai kallon gajimare sai in tsallake rami. In na yi sauri sai in take masa ƙafa. A layi na biyar na daina tunani, jikina ya shiga ƙirgar da kansa. Da ya shanye kofi na uku a gindin gawo, sai ya yar da sungumi ya ce, "Lokaci ya cika."

Lahadin da ta biyo na buga waƙata daga farko har ƙarshe ban ruga ba, ban tsaya ba. Bai yaba ba, ya dai miƙo mini kofi na biyu, abin da bai taɓa yi wa ɗalibi ba. A ƙasan kwalin kuwa na ga sabon layi: "Ranar shuka babu darasi. Sauran dokoki sun hau kan malami ma."

Ranar na gane cewa doka takan yi daɗin bi ne in mai ita ma ya yarda ta kama shi, kuma mai taushin murya ma tana iya faɗin gaskiyarta a ji. Har yau in yatsuna suka fara rugawa, sai in ji danshin ƙasar nan a ƙarƙashin dunduniyata, in koma ƙirga.