Kabarin Kakana a Ƙauyen Masunta

Mun tashi daga unguwar Dogo Nini a Potiskum ana kiran assalatu, ni da mahaifiyata da ƙaninta. Kabarin mahaifinsu muka nufa, wanda ba wanda ya taɓa gani a gidanmu. Ɗan mishan ne na cocin Angilika. Mama na da shekara shida ya bar Potiskum ya tare cikin masunta can bayan Gashuwa, sai Kirsimeti yake leƙo gida ya kwana uku. Da kaskon ƙosai kakata ta raine su.

Kuɗin mota ya ninka na bara, ramukan hanyar Jakusko ne kawai aka ba mu kyauta. A Gashuwa muka karya da shayi da burodi, muka bi a-kori-kura zuwa bakin ruwa, daga nan sai kwale-kwale. Ciyawar kachalla ta shaƙe kogin, matuƙin yana tura mu da gora yana zaginta kamar tana ji.

Ƙauyen bai fi gida ashirin ba. Cocin kakana na ƙasa ne, ya zube, awaki ke sheƙe aya a ciki. Wani tsohon masunci, Musulmi, da ya ji 'ya'yan waye suka zo, ya ajiye komarsa ya kai mu da kansa. Kabarin a share yake tsaf, an kewaye shi da ƙaya. Ya ce mutum huɗu kacal suka bi addinin kakana, kuma duk sun rasu. Amma shi ya raba su da kurkunu, ya koya wa yaransu karatu. Shekarar amai da gudawa aka ce ya gudu, ya ƙi, cutar ta tafi da shi.

"Uba ne gare mu duka," in ji tsohon. "Ni da na kwanta ciwo, a kafaɗa ya ɗauke ni har bakin mota."

Mama ta daɗe tana kallonsa. "Ni ban san kafaɗarsa ba, Baba," ta ce. "Ranar aurena ma wasiƙa ya aiko."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Kawu ya yi addu'a, ban ji amin ɗin Mama ba. Aka kawo burabusko da miyar tarwaɗa, ta yi loma biyu don kara. Washegari matan ƙauyen suka cika mana buhu da bandar kifi, wai na 'yar Malam ne. Ta karɓa ta yi godiya.

Da la'asar muka shigo Potiskum. Na tafi da niyyar in yi alfahari da kakana, na dawo na gane inuwar giginya ce, na nesa suka sha. Mama ta rabar da kifin kaf ga maƙwabta. Na tambaye ta ko ta yafe masa.

"Mutumin kirki ne, na gani da idona," ta ce. "Shi ya fi min ciwo."